Daga Washington Zuwa Mabai: Wa Ya Taɓa Faɗuwa Zaɓe Saboda Asibiti?

Ranar 23 ga Maris, 2010, Barack Obama ya rattaba hannu kan dokar inshorar lafiyar da daga baya duniya ta san ta da sunansa, Obamacare. A daidai lokacin, shugaban Najeriya Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana kwance a fadar Aso Rock, an killace shi daga idon jama'a, wata guda bayan an dawo da shi cikin dare daga wani asibiti a Jidda. Ya rasu ranar 5 ga Mayu. Bayan shekara 15, ranar 13 ga Yuli, 2025, Muhammadu Buhari ya cika a wani asibiti a Landan, aka kawo shi Daura aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansu. 'Ya'yan Katsina biyu ke nan da suka riƙe ƙasar nan kusan shekara 11 a mulkin farar hula, kuma kowannensu da ciwo ya yi tsanani jirgi ya hau.

Wannan ba gori ba ne ga mamata. Duk wanda Allah Ya hore wa, in ciwo ya kama shi, inda yake zaton sauƙi can zai nufa, mutumin ƙauyen Mabai da ke Ƙanƙara ma da yana da hali da haka zai yi. Abin dubawa daban ne. A duk zaɓukan da mutanen nan biyu suka tsaya, da waɗanda aka yi bayansu, babu inda batun asibiti ya ɗora wani a kujera ko ya sauke shi. An yi faɗa kan tsaro, an yi kan addini da yanki, an yi kan man fetur da canjin kuɗi. Ba a taɓa yi kan wanda zai biya kuɗin tiyatar matar da naƙuda ta gardame wa a wani ƙauyen Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ba.

A Amurka kuwa, wannan tambaya ta wa zai biya ta fi shekara 70 tana cin kujerun mutane. Harry Truman ya kai wa majalisa buƙatar inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya a 1945. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta zuba kuɗi ta yayata cewa gurguzu yake son shigowa da shi ta bayan gida, maganar ta mutu. Sai a 1965 Lyndon Johnson ya samar da Medicare domin tsofaffi da Medicaid domin talakawa, ya tafi har garin su Truman a jihar Missouri ya sa hannu a gabansa, ya miƙa wa tsohon katin farko. Bill Clinton ya ɗora wa matarsa Hillary aikin a 1993, shirin ya wargaje, a zaɓen 1994 jam'iyyar Democrat ta rasa Majalisar Wakilai a karon farko cikin shekara 40.

Obama ya ga duk wannan, amma ya sa kai. Dokarsa ta tsallake Majalisar Wakilai da ƙuri'a 219 a kan 212, babu ɗan Republican ko ɗaya da ya ɗaga mata hannu. A watan Nuwamban 2010 jam'iyyarsa ta yi asarar kujeru 63. Abin dariyar shi ne, tsarin dokar an kwaikwayo shi ne daga wanda gwamna Mitt Romney, ɗan Republican, ya kafa a jihar Massachusetts a 2006, kuma Romney ɗin ne ya fito takara a 2012 yana alƙawarin soke ta. Shekara bakwai 'yan Republican suna rantsuwa sai sun binne dokar. Da suka samu fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu a 2017, sai ga Sanata John McCain, ɗan jam'iyyarsu, wanda ba a daɗe da gano masa kansar ƙwaƙwalwa ba, ya shigo zauren majalisa da tsakar dare ya juya babban yatsansa ƙasa. Ƙuri'a 51 a kan 49, yunƙurin ya faɗi. A 2018 'yan Democrat suka karɓe Majalisar Wakilai da dokar da ta kayar da su shekara takwas baya, domin zuwa lokacin miliyoyin mutane sun ɗanɗana ta, ba kuma sa son a ƙwace. Har jihohin da Republican ke ci ba hamayya, irin su Idaho da Utah da Nebraska a 2018, da Missouri da Oklahoma a 2020, jama'a sun tsallake 'yan siyasarsu sun kaɗa ƙuri'ar raba-gardama a faɗaɗa Medicaid.

Faɗan bai ƙare ba. Ranar 4 ga Yuli, 2025, Donald Trump ya sa hannu kan wata babbar dokar haraji da ta zaftare wa Medicaid abin da ya kusa dala tiriliyan 1 cikin shekara 10, ofishin kasafin kuɗi na majalisar ƙasar kuma ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 10 za su rasa inshora a sanadinta. Sanata Thom Tillis na jihar North Carolina, ɗan Republican, ya ƙi goyon baya saboda talakawan jiharsa, Trump ya yi masa ca, ya sanar da cewa ba zai sake takara ba. Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba ma'aikatun gwamnatin tarayya suka tsaya cik kwana 43, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar, duk a kan tallafin kuɗin inshora.

Shi ya sa duk wanda ake raɗe-raɗin zai nemi shugabancin Amurka a 2028 yana tafe da kayansa a ka. Mataimakin shugaban ƙasa JD Vance shi ya kaɗa ƙuri'ar da ta raba gardama a Majalisar Dattawa lokacin da aka yi kunnen doki kan waccan dokar ta Trump, kuma abokan hamayya ba za su bari ya manta ba. Gwamna Gavin Newsom na California ya buɗe inshorar talakawan jiharsa ga baƙin haure a 2024, kuɗi suka yi masa yawa, ya dawo ya dakatar da ɗaukar sababbi, yanzu ɓangarorin biyu suna da abin jifansa. Andy Beshear ya ci gwamna sau biyu a Kentucky, jihar da Trump ke lashewa da gagarumin rinjaye, kuma kare Medicaid na cikin manyan abin da ya yi kamfe da su. Alexandria Ocasio-Cortez tana nan kan layin Bernie Sanders, cewa gwamnati ta ɗauke wa kowa nauyin magani a kori kamfanonin inshora. Ba ɗayansu da zai hau mumbarin muhawara ya ce a yi addu'a Allah Ya kawo sauƙi ya sauka.

Kada a ɗauka Amurka abin koyi ce a harkar lafiya. A 2023 ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9, sama da kashi 17 cikin 100 na duk arzikin da ta samar a shekarar, amma har yanzu mutum sama da miliyan 25 ba su da inshora, kuma Ba'amurke ba ya kai tsawon ran mutumin Japan ko Faransa ko Kanada. Abin da ya cancanci kallo shi ne tsoron da ɗan siyasarta ke ji.

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta bar dokar inshorar lafiya a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da shirin NHIS a 2005, amma kusan ma'aikatan tarayya da iyalansu kaɗai ya rufa wa asiri. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mai masaukin baƙin bai taɓa kusantar adadin ba, yawanci tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo. A 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga wani asusu na musamman, BHCPF: rabi a saya wa marasa ƙarfi inshora, kashi 45 ya tafi ga magunguna da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata, kashi 5 na gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, naira biliyan 55, shi ma majalisa ce ta cusa. Ranar 19 ga Mayu, 2022, Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wadda ta mayar da inshorar lafiya tilas a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma yi tanadin asusun da aka ce zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83.

A takarda, wannan ta fi Obamacare buri. Amma a tsaya a tashar motar Ƙanƙara a tambayi mutum goma ko sun san doka ta ce dole su mallaki inshora, a ga abin da za a ji.

Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta raba majalisa gida biyu bisa layin jam'iyya. Ɗan rikicin da aka yi kan dokar 2014, wanda ya sa Jonathan ya ƙi sa hannu a kan ta farko da aka kai masa a 2011, tsakanin likitoci ne da sauran ma'aikatan lafiya kan wa zai shugabanci me. PDP ba ta taɓa yin kamfe da ita ba, APC ba ta taɓa yin barazanar soke ta ba. Wani zai ce ai wannan alheri ne, an haɗu a kan abu mai kyau. Marubucin nan yana ganin akasin haka. Dokar da kowa ya amince da ita cikin sauƙi, galibi an san ba za a biya kuɗinta ba ne. Ba a kuma raɗa wa ko ɗaya sunan wani ba, don haka in ta mutu ba wanda za a je wa ta'aziyya. Tsarin mulkin 1999 ma ya taimaka: ya ambaci samar da isassun asibitoci a babi na biyu, sa'annan ya hana kotu sauraron ƙarar wanda bai samu ba.

To, yaya abin yake a ƙasa? Idan yaro ya kwana da zazzaɓi a Mabai, wurin mai kyamis ake fara zuwa, a sayi magani gwargwadon kuɗin da ke hannu, ba gwargwadon ciwon ba. In abin ya ƙi, sai ƙaramin asibiti. In ana buƙatar ƙarin jini ko tiyata, sai Babban Asibitin Ƙanƙara, ko Malumfashi, ko Funtuwa, daga nan kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko Shika a Zariya. Kowane mataki da kuɗin mota, da na kati, da na gwaji, da na abincin mai jinya. A faɗin Najeriya, sama da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita, adadin da ke cikin mafi muni a duniya. A wannan yanki aljihun yana nufin buhun masarar da aka kai kasuwar Ɗandume tun farashi bai tashi ba, ko tunkiyar da aka ja zuwa kasuwar Sheme, ko jinginar gona. Gidan da ya riga ya biya kuɗin fansa, ko harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma kafin su bar su girbi, ba abin da ya rage masa sai yekuwa a masallaci bayan sallah.

Sai kuma Onarabul. Ana neman lambar yaronsa, a tura hoton takardar asibiti ta WhatsApp, in an yi sa'a ya turo wani abu, gobe a ji a rediyo ko a gani a Facebook cewa ya ɗauki nauyin jinyar bayin Allah. Lokaci zuwa lokaci a kawo likitoci na kwana biyu, a yi aikin ido da na gwaiwa kyauta, a raba tabarau, a kafa allo mai hoton ɗan siyasa. Ba wanda zai raina wannan, ido ya buɗe kuma an ji daɗi. Amma tsarin yana da riba ga mai bayarwa fiye da yadda ake zato. Katin inshora ba ya sa a yi wa kowa godiya. Mutumin da aka biya wa kuɗin tiyatar matarsa kuwa, shi da gidansa sun zama na mai biyan har ranar zaɓe. Ɗan siyasar da ya gina tsarin da ba a buƙatar roƙonsa ya rage wa kansa jari ne, kuma sun san haka sarai.

Dole a yarda cewa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tsaro ne a gaba, kuma da hujja. Nan ne aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, shugaban ƙasa yana hutu a Daura. Sai dai tsaron da lafiyar ba sa rabuwa. A 2021, da gwamnatin Aminu Bello Masari ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun, matar da jini ya ɓalle wa bayan magariba ba ta da abin hawa, ba kuma ta da hanyar kiran wanda ke da shi. A farkon 2025 'yan bindiga suka kutsa cikin Babban Asibitin Ƙanƙara kansa, suka harbi likita, suka tafi da mutane. Bayan irin wannan, da wane baki za a ce wa ungozoma ko sabon likita ya karɓi aiki a ƙauye ya riƙa kwana? Ministan lafiya da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Waɗanda suka rage sun taru a manyan birane. A irin wannan hali ne Najeriya take ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya.

A 2025 ne siyasar Amurka ta sauko daga akwatin rediyo ta shigo gida. Shekaru da dama, wani kaso mai yawa na gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙanjamau da abincin gyaɗar da ake ba yara masu tamowa a Arewa, kuɗin masu biyan haraji na Amurka ne. Manyan shirye-shiryen biyu ma, na ƙanjamau a 2003 da na zazzaɓin cizon sauro a 2005, George W. Bush ne ɗan Republican ya kafa su. Ranar da Trump ya koma mulki, 20 ga Janairu, 2025, ya dakatar da tallafin ƙasashen waje ya kuma ba da umarnin ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio, wanda shi ma ana ambatonsa a maganar 2028, ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar tallafin ƙasashen waje, USAID. Zuwa 1 ga Yuli an rufe hukumar. Majalisar Najeriya ta yi hanzarin ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓin.

A watan Yulin 2025 ne ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon shekarar, ta kuma yi wa kusan 70,000 magani. Wannan lissafin waɗanda suka isa gadon asibiti ne kawai. Ba Trump ne ya hana noma a dajin Faskari ba, ba kuma shi ya ninka farashin hatsi ba, Birtaniya da wasu ƙasashen Turai ma sun rage nasu tallafin. Amma gaskiyar da ta fito fili mai ɗaci ce: ƙuri'ar wani ma'aikacin masana'anta a jihar Pennsylvania ta taɓa abincin yaro mai tamowa a Katsina fiye da yadda ƙuri'ar uban yaron ta taɓa yi.

Yanzu an doshi 2027. Tun a watan Mayun 2025 APC ta ayyana Bola Tinubu a matsayin wanda za ta mara wa baya. Ranar 2 ga Yuli 'yan hamayya suka taru a Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa da ke Abuja suka rungumi ADC a ƙarƙashin David Mark, da Atiku Abubakar da Peter Obi da Nasir El-Rufai da Rotimi Amaechi a zaure. Bayan nan me aka shiga tattaunawa? Karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa, wa zai janye wa wa, wa zai yi zango ɗaya ya sauka, ina Rabi'u Musa Kwankwaso zai karkata, wane gwamna ne ya sauya sheƙa a wannan makon. Abin mamakin shi ne kowannensu yana da abin da zai iya nunawa ko a tuhume shi a kai. Atiku ne mataimakin shugaban ƙasa lokacin da aka ƙaddamar da NHIS. Obi ya zuba kuɗin Anambra a asibitocin mishan. Kwankwaso ya tura ɗalibai ƙasashen waje karatu, har da na likita. El-Rufai ya ɗauki aikin gyara ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa 255 ta Kaduna. Waɗannan hanyoyi ne mabambanta da za a iya yin gardama mai zafi a kansu, amma ba a yi.

Shi kuwa Tinubu, kundin alƙawuransa na 2023 ya ce cikin shekara biyu inshora za ta kai ga aƙalla kashi 40 cikin 100 na 'yan ƙasa. Alƙaluman hukumar NHIA na 2025 sun tsaya a wajen mutum miliyan 20, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Da a Amurka ne, da wannan lissafin yana kan kowane allon talla daga Legas zuwa Jibiya. A nan ko 'yan hamayyar ba su damu su ɗauka ba. Adalci ne a faɗi cewa ministan lafiyar da ya naɗa, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya san aikin tun yana shugabantar hukumar lafiya matakin farko a zamanin 'Yar'aduwa, lokacin da aka fara tura ungozomomi karkara a 2009. A Nuwamban 2024 ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, an kuma rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya. A Katsina, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya yi alƙawarin ƙaramin asibiti mai aiki a kowace mazaɓa 361, jihar kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun zamanin Masari. Sai dai cire tallafin mai da sakin naira a 2023, da ficewar kamfanonin magani irin su GSK, sun sa farashin magani ya yi tashin da ya cinye yawancin wannan sauƙin kafin ya iso ƙauye.

Akwai masu cewa talakan Arewa ba ya zaɓe kan manufa, taliya da sabulu da atamfa sun ishe shi. Tarihin wannan yanki da kansa ya ƙaryata su. A 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar jihar Kaduna, PRP ta Malam Aminu Kano ta shiga ƙauyuka da magana ɗaya da kowane magidanci ya gane: za a soke haraji da jangali. Balarabe Musa ya ci gwamna, ya soke su, haka Abubakar Rimi a Kano. Majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta tsige Balarabe a Yunin 1981, amma ba ta iya dawo da harajin ba. Shi kansa farin jinin Buhari, wani ɓangarensa daga hukumar PTF da ya taɓa shugabanta ya samo asali, lokacin da mutane suka ga magani mai tambarin hukumar a ƙananan asibitoci da idonsu. Talaka yana gane manufa in an faɗa masa ita da adadin da zai rage a aljihunsa.

Maƙwabta ma sun gwada. A Ghana, John Kufuor ya ci zaɓen 2000 da alƙawarin kashe tsarin biya-kafin-a-duba-ka. Da ya kawo dokar a 2003, 'yan hamayyar NDC suka fice daga zauren majalisa, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi bore kan taɓa kuɗin fanshonsu, amma ya faɗi inda kuɗin za su fito: ƙarin kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayayyaki. Zuwa zaɓen 2008, NDC ɗin da ta fice ita ce ke alƙawarin inganta shirin. Yana da matsaloli, asibitoci na kukan jinkirin biya, amma babu jam'iyyar da za ta yi gangancin cewa za ta soke shi. Nijar ta bi wata hanyar: a zamanin Tandja Mamadou, wajen 2006, aka ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa, ba tare da tsayayyar hanyar samun kuɗi ba, bashi ya taru wa asibitoci har kantunan maganinsu suka bushe. Duk da haka, iyaye mata daga arewacin Katsina sun sha tsallaka iyaka da yaransu zuwa cibiyoyin tamowa na Madarunfa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi.

Bambancin Ghana da Nijar shi ne wurin da ɗan takarar Najeriya ke gudu, wato faɗin wanda zai biya. Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Ana iya ninka kashi 1 na BHCPF. Ana iya keɓe wa lafiya harajin naira 10 da aka ɗora kan kowace litar lemon kwalba tun dokar kuɗi ta 2021, wanda yanzu yake narkewa cikin babban asusu. Ana iya ɗaure wani kaso na ƙarin kuɗin da gwamnoni ke karɓa daga Abuja tun bayan cire tallafin mai. Ana iya aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, domin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in babu ungozoma a asibitin mazaɓa, maimakon yadda ake yi yanzu, ciyaman ya nuna gwamna, gwamna ya nuna Abuja. Kowace ɗaya tana da masu adawa da ita: gwamnoni, kamfanonin lemo, ma'aikatar kuɗi, kamfanonin da ke dillancin inshora. Wanda ya zaɓi ɗaya zai yi maƙiya, kuma daga nan ne za a fara bambance APC da ADC da PDP da wani abin da ya wuce hoton da ke jikin fosta.

Katsina tana da ƙarfin da za ta tilasta a yi wannan magana in ta so. Tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kaɗa ƙuri'a a ƙasar, kuma a 2023 ta nuna ba ta zama gonar kowa ba: Atiku ya samu 489,045, Tinubu 482,283, a jihar shugaban ƙasa mai ci, tazarar 6,762 kacal. Masu rajista a ƙaramar hukumar Ƙanƙara kaɗai sun ninka wannan tazarar sau da dama, ballantana an haɗa da Faskari da Sabuwa. Tambayoyin da za a tari masu neman ƙuri'a da su ma ba sa buƙatar digiri. Mutum nawa aka yi wa rajistar inshorar marasa ƙarfi a mazaɓar Mabai, kuma wa ya zaɓo sunayen? Nawa ke shiga asusun asibitin mazaɓa daga BHCPF duk wata uku? Wane asibiti ne mafi kusa da ake yin tiyatar haihuwar nan ta kyauta, kuma akwai jini a cikinsa da dare? Kwamitin raya mazaɓa yana da hurumin ganin waɗannan takardu, haka kansila, haka ɗan majalisar da ke wakiltar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Abuja, wanda da hannunsa ake amincewa da kasafin da kuɗin ke fitowa daga ciki.